Komai Nisan Jifa: Jawabi a Kan Harhaɗa Ƙaramin Jirgin Sama Mai Batir da Tuƙa Shi Lafiya



Da farko ina miƙa godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama. Lokacin da Sakatare ya aiko mini da takarda cewa ni zan yi magana a bana, na tambaye shi a kan me. Sai ya ce, "A kan wannan haukar taka ta jirgi." To, tunda abin ya kai har a ofishin ƙungiya hauka ake kiransa, ya zama wajibi in zo in kare kaina a gaban malamaina. Ga mai laifin nan na zo da shi, shi ne kuke gani a kan tebur. Na cire masa farfela da batir, saboda haka na layin gaba ku kwantar da hankalinku.

Inda abin ya samo asali

'Yan ajinmu za su tuna, muna fom uku ni da wani abokina muka ƙera jirgi da kara da kwali. Muka ciro ɗan injin wata tsohuwar rediyo mai kaset muka ɗaura masa, muka yanko farfela daga gwangwanin madara. Ranar wata Asabar bayan an gama duba ɗakunan kwana, muka hau tankin ruwa muka sake shi. Bai yi tafiyar taku biyar ba ya ɗaga hanci sama, ya juyo, ya faɗa tsundum cikin daron gabzar da ake kai wa 'yan gidanmu daga kicin. Firifet ya yanke mana yankan ciyawa na kwana uku, 'yan gidanmu kuma suka yi mako guda ba sa amsa gaisuwarmu.

Ran Litinin malaminmu na Fiziks, wanda ga shi zaune tare da mu yau, Allah Ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, ya aika a kira mu ɗakin gwaje-gwaje. Muka tafi muna tsammanin bulala. Sai ya ɗauki abin da ya saura na jirgin, ya ɗora fikafikansa a kan yatsu biyu, jirgin ya rinjaya baya. Ya ce, "Kun gani? Nauyinsa ba ya inda ya kamata. Ko injin tirela kuka sa masa, haka zai faɗo." Malam, yau shekara fiye da 40 ke nan ban taɓa cewa na gode ba. Na gode.

Daga baya na karanta cewa ba mu muka fara wannan wasa ba. A 1871 wani Bafaranshe mai suna Alphonse Pénaud ya tayar da ɗan ƙaramin jirgi mai aiki da murɗaɗɗiyar roba a birnin Faris. A 1878 wani uba a Amurka ya kawo wa 'ya'yansa abin wasa mai tashi irin ƙirar wannan Bafaranshe. Yaran nan su ne Wilbur da Orville Wright, waɗanda ranar 17 ga Disamba 1903 suka tashi da jirgi mai inji kusa da Kitty Hawk. Tashin farko sakan 12 ne kacal, nisansa kuma kimanin mita 37. Bayan shekara 22, wato a 1925, jiragen sojan Ingila guda uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Kun ga daga abin wasan yara har zuwa filin Kano ba a cika shekara 50 ba.

Ni kuwa sai da na yi ritaya daga aikin lantarki sannan na koma wa tsohuwar sana'a, da ɗana ya kawo mini kwalin jirgi tsaraba. Tashina na farko ya yi sakan 8. 'Yan gidan Wright sun fi ni da sakan 4, kuma abin da ya kayar da ni shi ne abin da Malam ya faɗa mini tun ina fom uku.

Abin da ke cikin kwali

Abubuwa huɗu ke kokawa a kan kowane jirgi, babba ko ƙarami. Nauyi yana jan sa ƙasa. Farfela tana jan sa gaba. Iska tana turje masa. Fiffike kuma yana karkata iskar da ke ratsa shi zuwa ƙasa, ita kuma ta tura shi sama, daidai da dokar Newton ta uku da muka haddace don jarrabawa. Idan gudu ya yi kaɗan har hanci ya ɗaga fiye da kima, kusurwar fiffike da iska ta wuce kimanin digiri 15, sai iskar ta rabu da bayan fiffiken, jirgin ya dunguro. Wannan shi ne ajalin yawancin jiragen 'yan koyo.

Ɗan koyo ya nemi jirgi mai fiffike a saman gangar jiki, wanda bakin fikafikansa suka ɗan ɗaga sama, domin irin wannan in ya karkata yakan nemi daidaita kansa. Faɗin fikafikan ya kasance tsakanin mita 1.2 zuwa 1.5, nauyinsa kimanin kilo 1, jikinsa kuma na farin soso mai tauri, ɗan'uwan wanda ake tokare talabijin da shi a kwali, saboda in ya karye ana liƙewa. Jirgin yaƙi mai kyan gani a bar shi a kanti tukuna.

A hancinsa akwai injin lantarki mai wayoyi uku. Bayansa akwai na'urar daidaita gudu da ake kira ESC, wadda ke tsakanin batir da inji. Sai risiba, wadda ke karɓar umarni daga rimot ɗin da ke hannunka, ta raba wa wasu 'yan ƙananan injuna da ake kira sarbo, su kuma su ja linzaman jirgin. Linzaman uku ne: na hawa da sauka a kwancen jela, na juya hanci a tsayen jela, da na karkata a gefen baya na fikafikai. Na huɗun umarni shi ne totur. A da rimot na aiki ne a kan zango irin su megahaz 27, 35 ko 72, inda in mutum biyu suka haɗu a zango ɗaya sai wani ya kayar da jirgin wani. Na yanzu yawancinsu a kan gigahaz 2.4 suke, kowane rimot ana ɗaura shi da risibarsa, ba ta sauraren kowa sai shi.

Yadda ake harhaɗawa

Abu na farko, a karanta littafin da ya zo da shi daga bango zuwa bango kafin a buɗe gam. Na san wannan yana yi wa injiniyoyi wuya. Na biyu, a gwada gam ɗin a kan ɗan guntun soso, domin wani gam yana narka wani soso kamar kitse a wuta. Na uku, a tabbata jela ta zauna daidai da fiffike. Ni da zare nake aunawa: daga bakin fiffiken dama zuwa jela, sannan daga na hagu, dole su zo ɗaya. Karkatar da ido bai gani a kan tebur ba, iska za ta nuna maka ita a sama.

Na huɗu, kuma ina roƙo a ja layi a ƙarƙashinsa: duk aikin da za a yi da batir a jone, a cire farfela tukuna. Injin mai zai yi ƙara ya gargaɗe ka, shi kuwa na lantarki shiru yake kamar ba ya da rai, hannun riga ya taɓa totur sai ya tashi nan take. Injin da aka rubuta masa KV 1000 yana juyi kimanin 1000 a minti a kan kowane bolt guda, wato da batir mai bolt 11.1 ya kai wajen juyi 11,000 a minti in ba a ɗora masa komai ba. Ga ɗan yatsana, ɗinki shida. Likitan da ya ɗinke shi ya tambaye ni ko injin markaɗe ne, na ce masa ƙwarai kuwa, don kunya.

In inji yana juyawa a baibai, a musanya kowaɗanne biyu daga cikin wayoyinsa uku. In an zo sa farfela, gefen da ke da rubutu shi ke kallon gaba. Lambar da ke jikinta, misali 9x6, tana nufin faɗinta inci 9 ne, kuma a lissafi tana ci gaba inci 6 a kowane juyi. A sa girman da littafi ya ce, domin wadda ta fi girma tana jan wuta fiye da kima, ta ƙona inji ko ESC.

Sai a tsaya a bayan jirgi a duba linzamai. In ka tura sanda dama, linzamin fiffiken dama ya ɗaga, na hagu ya sauka. In ka jawo sanda wajenka, linzamin kwancen jela ya ɗaga. In ka tura sandar juyawa dama, na tsayen jela ya karkata dama. Motsi kawai bai isa ba, a duba ɓangaren da ya motsa. Haka kuma a saita risiba yadda in ta daina jin rimot za ta kashe inji, sannan a gwada ta hanyar kashe rimot ɗin, farfela a cire.

Daga ƙarshe sai darasin Malam. A sa batir a mazauninsa, a ɗora fikafikai a kan yatsu biyu a wurin da littafi ya nuna, wanda yawanci yakan kasance tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin fiffike daga gabansa. Jirgin ya tsaya daidai, ko hanci ya ɗan sunkuya kaɗan. Mai nauyin hanci zai wahalar da kai wajen sauka, amma za ku koma gida tare. Mai nauyin jela kuwa a buhu za ka kwaso shi. A gyara ta hanyar matsar da batir gaba ko baya, a ɗaure shi tamau kada ya zame a sama.

Maganar batir

Batirin waɗannan jirage, wanda ake kira LiPo, shi ne ya sa jirgin lantarki ya zama abin yi, saboda ƙarfinsa da rashin nauyinsa. Shi ne kuma zai iya ƙona gida. Kowane ɗaki nasa bolt 3.7 ne, in ya cika 4.2. Mai ɗaki uku ke nan 11.1, a cike 12.6. Kada a bari ɗaki ya wuce 4.2, kada kuma a zuƙe shi ya faɗi ƙasa da 3.0, gara ma a sauko tun yana wajen 3.5. In za a ajiye shi kwanaki, a bar shi a kimanin 3.8. A yi amfani da cajar da ke daidaita ɗakunan, kuma batir mai lamba 2200 a ba shi amfiya 2.2, kada a yi masa gaggawa.

Akwai wata al'ada tamu da ba ta dace da wannan batir ba, wato a jona caja a kwanta, in an kawo wuta cikin dare ta yi aikinta. Wannan batir ba a cajinsa sai ana zaune kusa da shi. Ni a cikin tukunyar ƙasa nake sa nawa, a kan siminti a tsakar gida, ga bokitin yashi a gefe. Kada a bar shi cikin mota a rana, musamman a zafin Afrilu. Wanda ya kumbura ko ya lotse ya gama aiki, a sauke wutar da ke cikinsa sarai kafin a rabu da shi, kuma kada ya shiga hannun yara ko wutar bola.

A filin tashi

Kafin a je fili, a yi awoyi ana koyo da manhajar kwaikwayo a kwamfuta, inda faɗuwa kyauta ce. Bayan haka a nemi wanda ya iya. Ana iya haɗa rimot biyu, na malami da na ɗalibi, in ɗalibi ya rikice malami ya karɓe tuƙi nan take.

A zaɓi safiya ko yamma lokacin da iska ta kwanta. Ranar da hunturu ke kaɗawa, ko hazo ya rufe gari, ko hadari ya haɗo, a haƙura. A kunna rimot da farko, totur a ƙasa, sannan a jona batir. In an gama a cire batir da farko, sannan a kashe rimot. A yi gwajin nisa kamar yadda littafin rimot ya nuna. A tashi ana fuskantar iska, a sauka ana fuskantar iska. A hau sama sosai kafin a fara juyi, domin a sama akwai sararin gyara kuskure, kusa da ƙasa babu. Batirin da zai yi minti 10, a sa agogo ya yi ƙara a minti 7. In shirwa ta fara shawagi kusa da shi, a sauko, sararin nata ne.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba. Bayan 'yan tashi kaɗan da na yi lafiya, sai na ɗauka na ƙware. Wata safiya na tafi wani filin ƙwallo a bayan gari ni kaɗai. Kafin in ankara yara sun cika gefen fili, ni kuma maimakon in tsaya, sai daɗin 'yan kallo ya ɗebe ni. Na juyo da jirgi yana fuskanto ni, rana kuma a idona. Duk wanda ya taɓa tuƙi ya san in jirgi yana zuwa wajenka, damansa ta zama hagunka. Dabarar ita ce ka tura sanda wajen fiffiken da ya yi ƙasa, kamar mai tokare shi. Na san wannan sarai, amma hannuna ya yi akasin haka. Jirgi mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a kowane sakan. Abin da na iya yi kawai shi ne kashe totur. Ya daki ƙasa taku uku daga wata yarinya mai tallan gyaɗa, wadda ba ta wuce shekara tara ba. Tirenta ya kife, ta tsaya ko kuka ta kasa yi.

Aka kira mahaifinta. Na ba shi haƙuri, na sa hannu a aljihu zan biya kuɗin gyaɗa. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, gyaɗa kam ka biya. Da a fuskarta ya sauka, da me za ka biya ni?" Ban sami amsa ba, har yau kuma ban samu ba. Na yi wata uku ban buɗe ɗakin da jiragen suke ba.

Tun daga ranar na kafa wa kaina sharuɗɗa. Ba na tashi ni kaɗai, sai da mai lura da fili. Ina shata layi a ƙasa, 'yan kallo duk a bayana, jirgi kuma ba ya ƙetare layin nan. Ba na tashi a kan mutane, gidaje, titi, dabbobi ko kusa da wayoyin wuta. Ba na barin jirgi ya ɓace wa idona. In mutum ɗaya ya shigo fili, na sauka ko na yi nesa har ya fita. In kuma abin ya zo da zaɓi tsakanin jirgi da mutum, na riga na yanke shawara tun daga gida: jirgin zan dasa a ƙasa.

Hukuma da maƙwabta

A Amurka da Ingila ƙa'idar ita ce irin waɗannan jirage kada su wuce tsayin ƙafa 400, wato kimanin mita 120, kuma ni ma ita nake bi. A nan gida, a 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, wato NCAA, ta yi gargaɗi cewa kada a tayar da jirgi marar matuƙi ba tare da izininta da amincewar Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro ba. Saboda haka duk mai niyya ya fara tuntuɓar hukuma a rubuce. A nisanci filin jirgin sama, barikin soja, gidan yari da gidan gwamnati. Kuma a halin tsaron da yankinmu ya shiga, manomin da ya ga wani abu yana shawagi a kan gonarsa yana da hujjar tsorata. A je a gai da mai unguwa, a sanar da 'yan sanda, a nuna musu jirgin a hannu kafin su gan shi a sama.

Roƙona ga ƙungiya

Mai girma Shugaba, na gabatar wa majalisarka shawarar kafa kulob na ƙananan jirage a wannan makaranta, kuma na ji ra'ayi ya rabu biyu. Wasu sun ce rufin ɗakin kwana yana yoyo, rijiyar burtsatse ta lalace, ina maganar jirgi? Gaskiyarsu. Ba na neman ko kwabo daga asusun rufi. Wasu sun ce akwai haɗari. Su ma gaskiyarsu, shi ya sa na ba ku labarin yarinyar nan da bakina, kada ku yanke hukunci a kan rabin magana.

Amma ku duba ɗaya gefen. A 2007 jaridun duniya sun ba da labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero da ya ƙera helikwafta daga tarkacen mota da babur. Irinsa suna nan da yawa a garuruwanmu, suna ƙira da kara da langa-langa, ba su da mai ɗora musu jirgin a kan yatsu biyu ya nuna musu inda nauyi ya kamata ya zauna. Ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama a Zariya tun 1964, yara nawa daga makarantar nan suka san hanyarta? Yaron da ya harhaɗa jirgi ɗaya ya taɓa lissafi, lantarki da kanikanci da hannunsa, ya kuma koyi cewa ganganci yana da farashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ba mu koya musu da ƙa'ida ba, wasunsu za su koya daga wayar hannu ba tare da ƙa'ida ba, su hau tankin ruwa kamar yadda muka hau.

Na yi alkawarin jirage biyu, rimot biyu, caja, da Asabar biyu a kowane wata. Abin da nake nema huɗu ne: ɗaki mai makulli, malami ɗaya da zai riƙe batura a hannunsa, takardar ƙungiya zuwa ga hukumomin da na ambata, da amincewar iyaye a rubuce. In izini bai fito ba, jirgi ba zai bar ƙasa ba, za mu tsaya a harhaɗawa da koyo a kwamfuta. In kuma majalisa ta ga bai dace ba, na karɓa, ba zan fasa biyan kuɗin ƙungiya ba.

Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Mai tuƙin ƙaramin jirgi ya yarda da wannan tun kafin ya tashi, aikinsa shi ne ya zaɓi inda zai faɗo da yadda zai faɗo, ba tare da ya taɓa ɗan kowa ba. Bayan an tashi daga taro, duk mai son ganin jirgin ya matso. Malam, kai ne na farko, ina so ka ɗora shi a kan yatsunka ka gaya mini ko yanzu na ci jarrabawar.

 Allah Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu daga cikin malamai da abokan karatu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.